Ɗan Leƙen Asirin Sabon Gari

Mutumin ya diro daga saman jirgin ƙasa yana tsaka da gudu, ya mirgina, ya miƙe, ya gyara wuyan kwat ɗinsa kamar ba abin da ya faru. Gidan kallon ya kaure da ihu. Hafizu kaɗai ya yi shiru. Ya kafe allon da ido, gumin azahar na bin bayansa a ƙarƙashin rufin kwano, leɓɓansa suna motsi tare da muryar mai fassara, don ya riga ya haddace fim ɗin.

Ba harbe-harben ne suke burge shi ba, yadda ƙofofi suke buɗe wa mutumin ne. Ba ya bin layi, ba ya jiran sa hannun kowa. Babu wanda ya san sunansa na gaskiya, amma in ya buga waya manya miƙewa suke yi. Shi kuwa Hafizu, takardar bak ɗinsa ta gama sakandare tana ƙasan akwatin Inna, kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani, a shekarar da aka rufe iyaka, kasuwar Maraɗi ta kwanta, masu babur suka fi fasinja yawa.

Da aka tashi, wani mutum mai farar shadda ya tare shi a bakin ƙofa. Ya ce sunansa Maman Lawali.

"Ƙanena, na lura da kai. Kowa kallo yake, kai karatu kake."

Ya ja shi inuwar dogon yaro, ya rage murya. Ya ce yana aiki da wani sashen gwamnati da ba a faɗin sunansa, kuma suna neman masu ido a gari saboda 'yan bindigar da suka addabi karkara.

"Ka iya riƙe sirri?"

"Yallaɓai, ko Innata ba za ta ji ba."

* * *

Aikin ba wuya. Wa ya ɗauka, ina ya kai shi, yaushe yake dawowa. Hafizu ya sayi baƙin tabarau. Yana ratsa kasuwa yana kallon mutane da tausayi, don ba su san wanda yake wucewa ta gabansu ba.

Wata rana Maman Lawali ya tambaye shi labarin Mushe Anuhu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya buɗe shagon magani a Tibiri. Hafizu ne yake kai shi gida duk ranar da ya shigo sari. Dattijon yakan ce wa matarsa Dinatu ta kawo wa yaron nan ruwan sanyi kafin ya juya.

"Yallaɓai, wannan mutumin kirki ne."

"Duk haka suke. Muna zargin shi yake sayar wa 'yan daji magani. Bincike kawai za mu yi."

Hafizu ya tuna fim ɗin, inda maci amanar ya kasance wanda ya fi kowa fara'a. Ya faɗi ranar da yake zuwa gona, ya faɗi hanyar, har ya ƙara da cewa ɗan dattijon yana aiki a ƙasar waje.

A makon, mutane a kan babura suka tare Mushe Anuhu a hanyar gonarsa, suka shiga daji da shi.

* * *

Sai bayan mako biyu Hafizu ya iske Maman Lawali a wajen mai shayi yana cin wainar ƙwai.

"Kun ce bincike ne! Kun ce gwamnati ce!"

"Zauna, ƙanena, mutane na kallo."

Ya matsa wayarsa, ya kara masa a kunne. Hafizu ya ji muryarsa da kansa, tana rawa da ɗoki, tana lissafa hanyar dattijon.

"Ga jandarma can, je ka," in ji Maman Lawali yana goge yatsunsa. "Ni baƙo ne, gobe ba ni nan. Kai kuwa kowa ya san gidanku. Ka ga abin da 'yan unguwa suka yi wa wanda suka kama bara? Ko gawarsa uwarsa ba ta gane ba."

Hafizu ya zauna a kan benci. Maman Lawali ya ci gaba.

"Na ji yayanka Idirisa ya yi sa'ar zogale bana a Jiratawa, har ya sayi shanu. Ka kawo mini labarin wani mai maiƙo kafin Juma'a. In babu, mu yi maneji da na gida."

Hafizu ya koma gidan kallon da la'asar, ba don komai ba sai don nan ne kawai ba wanda zai dubi fuskarsa. Fim ɗin dai ake yi. A allon sun ɗaure mutumin a kujera, ya kwance kansa, ya fasa taga ya fita. Hafizu ya dubi bangon gidan kallon. Bulo ne har sama, ƙofa ɗaya, kuma a bakinta wani da bai sani ba yana zaune a kan babur yana kallonsa.

* * *

Ranar Alhamis Idirisa ya zo daga Jiratawa da buhun zogale da albasa. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zuba musu fura. Ita kuwa ba ta sha ba, daga Tibiri ta dawo wajen jaje.

"Dinatu ta rame kamar kara," ta ce. "Sun sayar da shagon, sun kai abin da aka nema, har yau ba a sako shi ba. Ga shi da ciwon sukari, ba magani a hannunsa."

"Ai Inna, ba 'yan daji ne abin tsoro ba," in ji Idirisa. "Na cikin gari ne, masu nuna mutane. Hafizu, kai da kake yawo, ka riƙa sa ido. Gobe ma kai za ka maida ni, ban yarda da kowa ba yanzu."

Inna ta ɗaga hannuwanta sama, muryarta na rawa.

"Ya Allah, wanda ya nuna wannan bawan Allah, ka tona masa asiri. Ka hana shi kwanciyar hankali. Ka sa uwar da ta haife shi ta ga ranar kunyarsa da idonta."

"Amin," in ji Idirisa.

Ba ta sauke hannu ba. Ta juyo ta dubi autanta, tana jira.

"Amin, Inna," Hafizu ya ce.

Ta shafa, ta tura masa ƙwaryar furar gabansa.