Ranar da Na Ɗaga Fitilun Auta

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da ganye a kasuwa. Alayyafo, latas, kabeji, ko ido a rufe in na shafa na san kwanansa nawa da tsinka. Ganye in ya yi ja ko rawaya, kwandon shara ne makomarsa, kore shi ne lafiya. Iyakar karatuna ke nan, kuma ban taɓa yarda wani ya fi ni shi ba, balle ƙanena.

Auta muke ce masa, har ya yi furfura sunan bai sake shi ba. Ni na goya shi. Gyaran talabijin da rediyo yake yi, kuma tun da matarsa ta rasu bai ƙara aure ba. Gidansa ɗaki biyu ne a bene na uku, sai wani ɗan sito marar taga, to a siton nan ya zuba ransa. Ya kafa katako hawa uku a bango, ya jera ƙananan tukwanen roba, a ƙarƙashin kowane katako ya ɗaure dogayen fararen fitilun LED guda biyu, dab da ganyen, tazarar ba ta wuce tafin hannu ba. A jikin soket akwai wani ɗan agogo mai kunna su da safe, ya kashe su bayan awa goma sha huɗu.

Shukokin kuwa, ikon Allah, ƙwari suke ci. Akwai mai baki da haƙora, ƙuda na sauka sai ta rufe ruf. Akwai mai gashi-gashi da ɗigon raɓa a kan kowane gashi, sauro ya taɓa ya manne. Akwai kuma mai kama da ɗan tulu, tururuwa ta leƙa ta faɗa ciki, shi ke nan. Ba a ci, ba a sayarwa, ba sa ƙamshi. Sau biyu ko uku na taɓa shiga siton, duk kuma da faɗa na fito.

"Auta, gasa su kake yi? Dubi yadda suka yi jawur!"

"Haka suke so, Yaya."

"Su suka gaya maka?"

Sai ya yi dariya ya ce in zo in sha shayi. Shi haka yake, ba ya jan magana, musamman da ni.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi, ranar da za a ba shi gado a asibiti ya miƙo min makulli. Ya ce abu biyu kawai yake roƙona. Ruwan sama da ya tara a jarkoki shi kaɗai zan dinga zuba musu, ban da na famfo. Sannan kada in taɓa fitilun.

Na ce, "Na ji. Za ka dawo ka tarar da su da ransu, in sha Allahu."

Kwana uku bayan haka likita ya ja ni gefe ya gaya min abin da ya gaya min. Na ce masa shi likita ne, ba Allah ba. Na yi tsaki na wuce. Ban tafi gida ba, siton Auta na nufa. Na tsaya ina kallon jajayen ganyen nan a ƙarƙashin farin haske mai kashe ido, sai na ga kamar zazzaɓi ke cin su. A can asibiti ba abin da zan iya, sai riƙe kofi da gyara matashi. Nan kuwa ganye ne, sana'ata. Na ce a raina, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaron da na share wa majina shi zai koya min ganye?

Na nemo sukundireba a akwatin aikinsa. Na kwance fitila ɗaya daga kowane hawa na jingine a bayan ƙofa. Sauran ukun na ɗaga su can sama kusa da silin, na ɗaure da waya, na rataya wani tsohon mayafina a ƙarƙashinsu don hasken ya yi sanyi. Agogon ya ba ni wahala, amma sai da na mai da shi awa shida. Ruwan famfo dai ban ba su ba ko sau ɗaya, wannan alkawarin na riƙe shi.

Kai, ku zo ku ga aiki! Cikin sati uku jan ya fara gushewa. Sabbin ganye suka fito kore shar, dogaye, suna miƙewa sama kamar yara masu leƙen katanga. Na lura raɓar nan ta daina fitowa, bakunan ma sun ƙanƙance, ƙuda ya sauka ya yi yawonsa ya tashi lafiya. Na ce to madalla, sun samu lafiya sun bar mugunta. Wallahi ranar har waƙa na yi a siton.

Na ɗauki hoto da wayata na kai masa da la'asar, bayan na tashi daga kasuwa. Ya rame sosai, idanunsa sun yi rawaya. Na zauna a bakin gadon ina ta rawar jiki.

"Ga marasa lafiyarka, na warkar maka da su. Saura kai."

Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da fuskarsa. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, ya ja shi sama wajen silin, ya daɗe a nan. Na shirya faɗa, don na san ya ga mayafin. Sai ya ɗago ya dube ni, ni kuma bakina ya ƙi rufuwa don murna.

"Sun yi kore, Yaya," ya ce.

"Ba na gaya maka ba? Taurin kai ne da kai."

"Hannunki ne. Turo min hoton nan."

Daga ranar kullum sai na biya siton kafin in je asibiti, in ɗauki sabon hoto in tura masa. Shi ne abin hirarmu. In nuna masa ganyen da ya ƙara tsawo, ya gyaɗa kai, in yi masa gori, ya yi murmushi. Ma'aikaciyar jinya ma ta san zancen, in ta gan ni sai ta ce, "Mama, yau nawa suka tsiro?" Ni dai na sa a raina muddin ganyen nan na miƙewa, mai su ma zai miƙe.

Sati biyar ya ƙara. Ya rasu wata Talata da hantsi, ina riƙe da hannunsa.

Ban iya komawa siton ba sai bayan kwana takwas. Da na buɗe ƙofa wani warin ruɓa ya tare ni. Dogayen ganyen sun kwanta a bakin tukwane, gindinsu ya yi baƙi, farar fumfuna ta rufe ƙasar. Na taɓa ɗaya ya biyo hannuna. Na ce ashe shuka ma ta san mai ita, baƙin ciki ne ya kashe su.

Auta ya taɓa cewa in wani abu ya faru, a kira abokinsa Tela, wanda shi ma yake kiwon irin shukokin nan a bayan shagonsa. Na kira shi ya zo ya kwashi abin da ya rage. Dattijo ne mai sanyin magana, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Ya shiga siton, ya dubi tukwanen, ya ɗaga kai ya dubi mayafin da fitilun. Ko mamaki bai yi ba, kuma wannan ne ya tayar min da hankali.

"Malam, lafiya? Kana kallon sama kamar ka san wurin."

"Ba komai, Yaya."

"Kar ka yi min ba komai. Na girme ka. Faɗi."

Ya cire tef ɗin daga wuya yana naɗe shi a yatsa. Ya ce waɗannan ba irin ganyen kasuwa ba ne. Asalinsu a fadama suke fitowa, a fili, rana na dukansu tun safe har yamma, fitilun nan su ne ranarsu. Ja shi ne ƙoshinsu. In suka yi kore suka miƙe, haske suke nema, yunwa ce ke kashe su a hankali.

Na jingina da bango. "Da an sauko da fitilun fa?"

"A lokacin hoton farko? Sati biyu ko uku, da sun farfaɗo."

"Wane hoton farko? Kai ina ka gan shi?"

Nan ya gane ya yi suɓul da baka. Ya ce Auta ne ya tura masa, a ranar da na kai. Ya ce shi har ya ɗauki makullin shago zai rufe ya zo ya gyara, Auta ya hana shi. Wai ya ce, "Rabu da ita. Tun da na kwanta ban ga haƙoranta ba sai yau. Tana ganin ta warkar da wani abu, bar mata."

"Shekara goma sha biyu yana tara su," in ji Tela. "Ya san ƙarshensu ke nan. Abin da ya roƙe ni kawai, kullum da safe in turo masa hoton nawa, jajayen, ya ɗan kalla."

Na zage shi. Ba Tela ba, Auta. Na ce maƙaryaci, munafuki, ɗan rainin wayo, sati biyar yana kallona ina yi masa gori da gawar abin da ya fi so a duniya. Da ya buɗe baki ya ce Yaya kin yi ɓarna, da na yi faɗa, da na yi fushi na kwana biyu, amma da na sauko da fitilun. Garin neman gira na rasa ido, shi kuma yana kwance yana ce min hannuna ne. Na yi kuka har Tela ya rasa inda zai sa kansa, ya fita ya tsaya a baranda.

Kayan Auta na asibiti suna cikin leda a kan kujera, ban taɓa su ba tun ranar. Na zazzage, na ciro wayarsa na sa ta a caji. Ina so in ga jajayen nan, in ga abin da na hana shi gani a gidansa. Na buɗe wajen hotuna na yi ta ja da yatsa.

Babu ja ko ɗaya. Ashe da ya kalla sai ya goge, don ya san ni ke sa masa wayar a caji, kuma ya san hannuna da bincike. Abin da ya bari hotuna talatin da biyar ne, duka nawa, bai goge ko guda ba.