Jitar Preben a Bikin Sidsel

Preben wan mijina ne, kuma tun da na shigo danginsu ban taɓa ganin ya ƙarasa abin da ya fara ba. Ya yi kiwon zuma, zumar ta yi hijira. Ya sayi kwalekwale, har yau yana nan kife a bayan gidansa. Da ya yi ritaya daga kamfanin inshora, matarsa kuma ta tattara nata ya nata ta koma birnin Aarhus, sai ya sayo jita.

Wata Lahadi muna cin abincin rana a gidan surukata Gudrun, ya shigo da ita a rungume kamar jaririya. Ya bi wuyanta ya manna ƙananan takardu masu launi, ja da kore da rawaya.

"Ingelise, kin san mene ne wannan?" ya tambaye ni.

"Na ɗauka ƙyanda ce ta fito mata."

Bai ko murmusa ba. Ya ture kwanon dankali gefe, ya ɗora jitar a kan tebur.

"Wannan shi ne babban tsanin sauti. Do, re, mi, har ƙoli. Siffa ɗaya ce, in ka riƙe ta sai ka ja hannunka ko'ina a wuyan jita, ta bi ka. Makaɗan nan da kuke yi wa tafi, rabinsu ba su san haka ba. Da ka kawai suke yi."

"To kaɗa mana wata waƙa mana," in ji mijina Mogens.

"Waƙa? Wanda ya san tsani ai ba ya gaggawar waƙa."

Ya hau tsanin nan da yatsa, idonsa a kan takardun, harshe a waje. Ya kai ƙarshe ya sauko. Sannan ya ce bari ya nuna mana kamu, wato yadda ake danne tsirkiyoyi da yawa a kaɗa su tare. Kafin ya tashi daga kamu ɗaya zuwa wani sai ya tsaya, ya sa hannun dama yana jera yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ake kwantar da yatsa a kan tsirkiyoyin duka, wannan kam ya ce kuskuren maƙeran jita ne, shi ba zai ɓata lokacinsa a kai ba.

Haka muka sha shi duk hunturu. Kowace Lahadi tsani, a hau a sauko.

Da bikin 'yarmu Sidsel ya matso, ya kira ta ya ce zai yi mata kiɗa. Yarinyar nan ba ta iya cewa a'a, sai ta ce, "To, Baffa Preben, na gode." Ni na ce ba da ni ba.

"Ɗan'uwana ne," in ji Mogens. "Kuma kin san matarsa ta bar shi."

"Ai ba a banza ta bar shi ba."

Aka yi biki a zauren taron ƙauyenmu. Kamar yadda al'adarmu take, tsakanin kwano da kwano sai wani ya buga cokali a kofi ya tashi ya yi jawabi, ko a raba takardun waƙa kowa ya rera. An gama shan miya, ana jiran nama, sai Preben ya miƙe. Ya sa wata 'yar shara ta fata wadda ta ƙi rufe tumbinsa. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, ya ce wannan kiɗa shi ya tsara shi da kansa, sunansa Hawan Rayuwa.

Do, re, mi. Ya hau, ya sauko. Ya ja hannu gaba kaɗan, ya sake hawa, ya sake saukowa. Mai dafa abinci ta leƙo daga ƙofa da faranti a hannu, ta koma. Ya ƙara jan hannu. Ango ya ƙura wa cokalinsa ido, Sidsel kuwa murmushi ya daskare a fuskarta. Da Preben ya zo rufewa da kamu, ya tsaya jera yatsu, sannan ya kaɗa. Ƙarar da ta fito, ka ce an taka wutsiyar kyanwa.

Surukata kunnenta ya yi nauyi, ba ta san tana ɗaga murya ba.

"Mogens, wai yaushe zai gama gwajin ya fara kiɗan?"

Na ce a raina, shi ke nan, yau gaskiya ta yi halinta. Ina! Wata gwaggon ango mai suna Bodil ta miƙe tana share hawaye.

"Kai, wannan abu da zurfi yake," in ji ta. "A hau a sauka, a hau a sauka. Ai aure ke nan!"

Ta fara tafi. Mutane suka bi ta, don yunwa suke ji, kuma mu nan gara mu tafa wa shirme da a ce mun kunyata mutum. Preben ya rusuna har sau ba adadi. Naman ya iso da sanyinsa.

Ashe Bodil tana cikin kwamitin gidan taron tsofaffi na garin da ke kusa da mu. Kafin kaka ta kama, Preben ya zama malamin jita na masu farawa, kowace Talata da hantsi. Mutumin da bai taɓa kaɗa waƙa guda daga farko zuwa ƙarshe ba. In na je sayen burodi ina jiyo su ta taga, tsofaffi cike da ɗaki suna hawa tsani, kowa a kan matakinsa, shi kuma yana zagayawa da hannu a baya yana cewa kada su yi gaggawar waƙa.

Makon jiya Mogens ya dawo gida da doguwar baƙar jakar jita, yana ta kauce wa idona. Wai Preben ya ce masa yana da yatsun makaɗa. Ya tambaya ko zan kwashe keken ɗinkina daga ƙaramin ɗaki don ya sami wurin gwaji.

Na ce ya tafi gareji. Motar kuwa na fito da ita waje, don ita ba ta yi wa kowa laifi ba.