Fulotin Gangare

Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa bas ɗin cikin gari, shi ya sa ko bayan da likitan kamfani ya duba idanunsa ya ce lallai ya ajiye sitiyari, sunan Direba bai bar shi ba. Wata huɗu ya yi a falonsu na hawa na uku, daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa kujera. In bas ta wuce ta ƙasa sai ya kai agogon hannunsa kusa da fuska ya ce, "Wannan ya makara da minti shida."

Babbar 'yarsa ce ta sa sunansa cikin masu neman fuloti a lambun unguwa, ba ta kuma gaya masa ba sai da takarda ta zo. Lambun wani fili ne na hukumar gari a bayan tsohuwar masana'antar sabulu, an zagaye shi da waya an yanka shi ƙanana ƙanana, ana ba wa mazauna benaye waɗanda ba su da ko taku ɗaya na ƙasa.

"Ni da noma?" in ji shi. "Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba?"

"Baba, sitiyarin ma ai koya ka yi."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Ka je, Malam, ko don kujerar nan ta samu ta huta."

Ranar Asabar da safe ya je. Sakataren lambun wani kafinta ne, gajere mai fensir a bayan kunne. Ya ba shi makullin ƙofa, ya nuna masa famfo da rumfar da ake ajiye shebur da baro, sannan suka gangara ta tsakanin fulotan mutane. Ko'ina kabeji ne da albasa da tumatir da aka ɗaure a jikin sanduna. Suka yi ta sauka har ƙarshen fili, inda Kafinta ya tsaya ya ce, "Ga naka. Lamba sha bakwai."

Direba ya duba bai ga fuloti ba. Ciyawa ya gani har ƙugu, da tsohuwar katifa, da tayoyi biyu, da wata kujerar roba mai ƙafa uku.

"Mai shi ya tashi shekara biyu da suka wuce," in ji Kafinta. "Wurin yana tara ɗan ruwa in an yi ruwan sama, amma mun saba."

A fulotin da ke kusa wata tsohuwa ce zaune a kan bokitin da ta kifa, tana tsinke ciyawa a tsakanin latas. Inna Nas ake ce mata, don a asibiti ta yi aiki har ta yi ritaya. Ta ɗago ta ƙare masa kallo ta saman tabarau.

"Na san fuskar nan. Bas mai lamba tara, ƙarfe shida da kwata na safe."

Direba ya washe baki. "Ni ne, Inna."

"Sau nawa ina gudu ina ɗaga maka hannu, kana kallona ta madubi ka ja motarka?"

"Wallahi doka ce, Inna. Lokaci suke bi."

"To, Allah ya kawo ka hannuna," ta ce, tana dariya. Sai ta nuna fulotin da 'yar wuƙar da ke hannunta. "Ka ji shawara. Kada ka taɓa duka. Gyara wuri kamar faɗin tabarma biyu, ka tono saiwar kiri-kirin nan da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Sauran ka rufe da kwali ka ɗora duwatsu, ciyawar za ta mutu da kanta."

Ya ce to, ya yi godiya. A ransa kuwa cewa ya yi, mutumin da ya saba yin awa goma a kan titi ba shi za a ce ya noma tabarma biyu ba.

Kwana uku ya yi yana sara. Ya kwashe katifa da tayoyi, ya datse ciyawar da adda, ya bi ta da fartanya ya birkice ƙasar har da saiwoyin a ciki. Ya sayo iri kala takwas a ƙananan fakiti, ya watsa su duka rana ɗaya, karas da alayyafo da wake da sauransu, ya kafa fakitin kowanne a kan tsinke don ya gane. Inna Nas tana kallonsa, tana yi masa "sannu da aiki" safe da yamma.

Rana ta huɗu ya kasa tashi daga gado. Matarsa ta shafa masa man zafi a baya tana cewa, "An ce ka je ka motsa jiki, ba a ce ka je ka karya shi ba."

Yana kwance aka yi ruwa kwana biyu a jere. Da ya samu ya lallaɓa ya koma, fulotinsa ya zama tafki. Fakitocin irin suna yawo a kan ruwa. Bayan mako guda da ruwan ya janye, abin da ya tsiro kore shar, kiri-kiri ne, ya ma fi na da yawa, don duk guntun saiwar da ya sara ta zama sabon tushe.

Bai gaya wa kowa a gida ba. Ya sa makullin a aljihu wata safiya da niyyar mayar wa Kafinta. Yana isa hadari ya sake haɗowa, ruwa ya sauko, dole ya fake a rumfar kayan aiki tare da Kafinta da Inna Nas.

"Na zo in ba ka makullinka," ya ce. "Abin nan ba nawa ba ne."

Kafinta ya sosa kai. "Kowa da ya samu gangaren nan haka yake cewa. Inna ce kawai ta daure, ita ma don ta ɗaga kunyoyinta sama ne."

Inna Nas ba ta roƙe shi ba. Cewa ta yi, "Bari dai ruwan ya tsaya tukuna."

Suna tsaye Direba yana kallon ƙasa. Idonsa ba ya ganin rubutu ƙanana, amma tafiyar ruwa a kan hanya abu ne da ya shekara ashirin da shida yana lura da shi, don ya san inda zai rage gudu da inda taya za ta zame. Ya ga ruwan ba daga sama kawai yake taruwa a gangaren ba. Wani jan ruwa ne yake fitowa daga gindin katangar masana'anta, ya hau hanyar da ke tsakiyar lambun, ya bi ta kamar an shimfiɗa masa, ya zube a fulotai huɗu na ƙarshe.

"Akwai kwata a bayan katangar can?" ya tambaya.

Kafinta ya ce bai sani ba, shekararsa tara a nan bai taɓa leƙawa ba.

Direba ya ɗauki shebur ya fita cikin ruwan. Ya bi jan ruwan har gindin katanga, ya ture ciyayi da ƙafa. Ga kwata nan ta siminti, tsohuwa, bakinta cike da leda da yashi da fasassun bulo. Ya dawo jiƙe sharkaf.

"Ruwan yana da hanyarsa, toshe ta aka yi. In an buɗe, aka ja ɗan rami a gefen waya zuwa babbar magudanar titi, ba zai ƙara bi ta kanmu ba. Amma ramin sai ya ɗan karkata, in ya miƙe sosai zai ci ƙasa."

Inna Nas ta dubi Kafinta. "Ka ji. Shekara tara kana cewa mun saba."

Asabar ta gaba mutum shida suka fito. Direba bai yi haƙa da yawa ba saboda bayansa, shi ne dai mai cewa a nan za a karya, a nan za a zurfafa. Kafinta ya kawo ragowar katako aka tokare gefen ramin. Baro goma sha ɗaya na shara suka fitar daga kwatar. Da aka sake yin ruwa, Direba ya sa rigar leda ya tafi musamman don ya gani. Ruwan ya bi ramin salin alin ya fice titi.

Maganar makulli ba ta sake tasowa ba. Wannan karon ya yi yadda aka ce. Ya bi shagunan unguwa ya roƙi kwalaye, ya rufe kashi uku cikin huɗu na fulotin. Ragowar ya durƙusa a kan tsohon buhu yana zaro saiwar kiri-kiri, fara, doguwa kamar igiya, yana tarawa a bokiti. Kwana tara ya yi a kan wurin da bai fi tabarma biyu ba. Kafinta ya buga masa katako huɗu aka yi akwati, aka cika da ƙasa da taki. Inna Nas ta ba shi dashen latas goma sha biyu daga nata, ta nuna masa yadda zai danna gindin da yatsu biyu.

"A hankali. Ba birki kake takawa ba."

Uku suka mutu, dodon koɗi ya cinye biyu a dare ɗaya. Ya zo da safe ya tarar da ganyen duk huda, ya tsaya yana yi wa dodon koɗin faɗa kamar fasinjan da ya ƙi matsawa. Inna Nas ta koya masa ya riƙa ɗaga katakon da suke ɓuya a ƙarƙashinsa da sassafe yana tsince su. Bakwai suka rayu. A gefensu ya shuka alayyafo layi biyu, wannan karon da ɗan tazara, ya kuma riƙa tura yatsa cikin ƙasa kafin ya ba da ruwa.

A gida aka ga canji. Ya daina tsayuwa a taga. Takalmansa kullum da laka, matarsa ta ajiye masa tsohuwar jarida a bakin ƙofa. Hirarsa ta koma ta taki da tsutsa, har ƙaramar 'yarsa ta ce, "Baba, don Allah a bar maganar tsutsa sai an gama cin abinci."

Bayan mako shida ya yanko latas biyu da damin alayyafo ɗan ƙarami. Ya sa su a leda ya hau bas, ya zauna a kujerar fasinja ya rungume ledar a cinya don kada a matse ta. Da ya isa ya ajiye a kan teburin kicin.

Matarsa ta buɗe, ta juya latas ɗin, ta ga ƙasa a gindinsa. "Wannan naka ne? Ba saya ka yi a hanya ba?"

"Ki tambayi bayana."

Ta kira babbar 'yar a waya ta ce ta zo da yaranta a ci abincin rana. Alayyafon da aka dafa bai fi cokali biyu ga kowa ba, aka yi ta dariya, amma ba a bar ko ɗigo ba.

Washegari matar ta ce za ta bi shi ta ga wurin. Ta gaisa da Inna Nas, suka daɗe suna magana ƙasa ƙasa suna kallonsa suna murmushi. Sannan ta zagaya fulotin, ta ɗaga gefen wani kwali da ƙafa. Ciyawar da ke ƙasa ta yi fari ta kwanta, ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi.

"Nan wa ka bar wa?"

"Wake nake so in sa."

"Wake kuma? Albasa za a sa da tumatir, su nake saye kullum."

"Fulotin nawa ne fa."

"Na ji. Miƙo min fartanyar."

Ya miƙa mata. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta fara janye kwalin, shi kuma ya tafi rumfa ya ɗauko baro.