Jaririn Roba

"Ya fito, bai yi kuka ba. Minti ɗaya gare ki, Sista. Fara!" in ji Dakta Nkechi, mai horas da su, ta danna agogon wayarta.

Sista Rhoda ta harari abin da aka ajiye mata a tebur: jaririn roba, an ɗura masa ruwan ɗumi don ya yi nauyin ɗan mutum. Shekara ashirin da shida tana karɓar haihuwa a Sabon Tasha, rabin yaran bayan kasuwa a hannunta suka faɗo, yau kuma wai yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba za ta koya mata aiki da 'yar tsana. Ba don makin sabunta lasisi ba, me zai kawo ta? Ga shi bana an tsaurara, ba mai sa hannu a rajista sai ya taɓa robar nan.

Ta kama ƙafafunsa, ta juya shi kai ƙasa, ta ɗaɗa masa duka a tafin ƙafa. "Ina sifirit? A shafa masa a baya!"

Godwin, nas ɗin asibitinsu, ya kwashe da dariya. "Mama Rhoda, a hankali! Robar nan daga Turai ta zo."

Agogo ya yi ƙara.

"Lokaci ya ƙare. Yanzu me za ki yi?" Dakta ta tambaya.

"Me ya rage? Wanda ya sha duka da sifirit bai tanka ba, ai a mace ya zo. Sai a naɗe shi a zane."

Dakta Nkechi ba ta yi dariya ba. "Kama gindin cibiyar, Sista."

Rhoda ta kama da yatsu biyu, tana taɓe baki. Dakta ta soma matsa wata 'yar roba da ke haɗe da jaririn. Sai cibiyar ta motsa. Dif. Dif. A hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya.

"Zuciyarsa na aiki. Numfashi kaɗai ya rasa, kuma duka ba ya kawo numfashi." Ta ɗauko ambu, jakar nan ta hura wa jariri iska, ta kwantar da shi, ta ɗaga haɓarsa, ta rufe hanci da baki, ta matsa. Ƙirjin roba ya tashi. Ya sauka. Ya tashi. Can ta danna wani abu, jaririn ya tsala kuka. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Rhoda ba ta tafa ba. 

Sati uku da suka wuce ne, ranar Talata da hantsi. Judith, 'yarta tilo, haihuwar fari bayan shekara shida da aure. Namiji ne, jikinsa da ɗumi, amma ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta juya shi, ta doke shi, ta shafa sifirit tana kiran sunan Yesu. Da ya ƙi tankawa ta yanke cibiya, ta naɗe shi, ta ajiye a gefe, ta koma kan uwar. Ba ta tsaya ta ji ko cibiyar na bugawa ba. Kafin yamma an binne shi, ko suna bai samu ba. Judith ta tambaye ta sau uku, "Mama, da rai ya zo?" Sau uku ta ce a'a.

Ambu kuwa akwai shi a asibitinsu, a saman kabad, ko ledarsa ba a yage ba. Ita ta kawo shi shekara biyu baya, daga irin wannan bitar. Ran nan ta sa hannu a rajista ƙarfe tara, ta zame ta tafi taron Zumuntar Mata na coci, ta dawo ƙarfe huɗu ta karɓi satifiket da ambu da ledar abinci. Kowa haka yake yi. Ita ma ba ta taɓa ganin laifin abin ba.

"Dakta," ta ce, "in an naɗe shi an ajiye, zuciyar takan daɗe?"

"Wata takan kai minti goma tana jira. Lafiya, Sista?"

"Sake danna agogon."

Aka tafi cin jalof, ita ba ta tafi ba. Ta ɗaga haɓa, ta rufe, ta matsa. Iska ta zurare ta gefe, ta sake gwadawa. Sau goma sha huɗu jaririn roba ya yi kuka a hannunta, kowane kuka yana yankar ta. Abin ba wuya. Wannan shi ya fi ƙona mata rai, abin ko kaɗan ba wuya.

Keke ya sauke ta a gidanta da ke Narayi da sauran rana. Judith na falo tana tsince shinkafa a tire, tun rasuwar take gidan. Ta rame, har yanzu rigarta na jiƙewa da nono. A bango, sama da kanta, ga satifiket ɗin nan cikin gilashi, yana ƙyalli.

"Sannu da zuwa, Mama. Na goge miki shi ɗazu." Ta yi ɗan murmushi. "Kullum in tunani ya dame ni sai in dube shi, in ce tunda Mama ce ta karɓe shi, ba abin da ba a yi ba. Ki yafe mini yawan tambaya. Na daina."

Rhoda ta tsaya da jaka a kafaɗa. Hanya ce aka buɗe mata, ta sani. In ta ce "ba komai" ta wuce ɗaki, magana ta mutu har abada.

Ta miƙa hannu ta sauke satifiket ɗin, ta kife shi a kujera. Ta durƙusa a gaban 'yarta, ta karɓi tiren ta ajiye a ƙasa.

"Judith, sake yi mini tambayar nan."

Judith ta dubi fuskarta. Murmushin ya tafi.

"Mama... da rai ya zo?"

"Ban duba ba," in ji Rhoda.