Nasiba a layin masu ciki

A Korgom kowa ya san an taɓa buɗe ƙirjin Nasiba. Tana ƙarama wata ƙungiya ta kai ta ƙasar waje aka gyara mata zuciya, ta dawo da dogon tabo. Abin da mutane ba su sani ba, irin wannan aiki yakan sa jini ya riƙa taruwa a hanta, sai ta yi ta tauri a hankali. Shi ya sa da cikinta ya fara tasowa bayan girbi, lokotoro ya ce a kai ta Tasawa a yi mata ekografi, wato hoton ciki, kuma kada ta ci komai da safe.

A Korgom kuwa, ekografi na masu juna biyu ne. Nasiba tana lise, makarantar sakandare, ba ta da aure.

Ita da mahaifiyarta Fatsuma suka hau moto tun da sassafe. A asibiti suka tarar da benci cike da mata masu ciki. A ƙarshen bencin ga A'i, maƙwabciyarsu, ta rako matar ɗanta. A'i ba ta iya kwana da labari.

"A'a! Fatsuma, ku ma nan?" in ji A'i. Ta dubi fuskar Nasiba, ta sauke ido kan cikinta. "Ikon Allah. 'Yan lakwal ma an fara zuwa awo?"

"Hanta za a duba, Yaya A'i," in ji Fatsuma.

"Hanta. To, Allah shi sauke hantar lahiya."

Mata biyu suka ƙunshe dariya cikin mayafi. Nasiba ta ja hijabinta ta rufe gwiwa.

"Inna, mu tahi gida," ta ce a hankali. "Sai wata rana."

Fatsuma ta san in suka juya yanzu, kafin la'asar zancen ya riga su isa Korgom, kuma ba mai kankare shi.

Da aka kira sunan Nasiba, Fatsuma ta miƙe ta kama hannun A'i.

"Taso, Yaya. Idonki ya fi nawa gani."

"Ni? Mi ya haɗa ni?"

"Taso dai."

Lokotoron mace ce, Shamsiyya. Ta ce mutum ɗaya ake bari ya shiga. Fatsuma ta ce to a bar A'i, ita ta tsaya a bakin ƙofa.

Aka shafa wa Nasiba mai mai sanyi a ciki. Shamsiyya ta ɗora kan na'urar ƙasan haƙarƙari na dama, ta ce ta ja numfashi ta riƙe. A'i ta matso kusa da allon. Ta sha ganin jikokinta a ciki, ta san yadda kan jariri yake.

"Ina yake?" ta tambaya.

"Wa?"

Shamsiyya ta dubi A'i, ta dubi Nasiba, sannan ta sauko da na'urar ƙasan cibiya.

"Ga mahaifa nan, Baba, wayam take." Ta koma sama. "Wannan ce hanta. Kin ga gefenta ba sumul ba, ya yi kaushi. Wannan baƙin kuma ruwa ne, shi ya tayar da cikin. Saifa ma ta ɗan girma."

"Yana warkewa?"

"Ana lallaɓa shi. Sai sun je Maradi wurin lokotoron zuciya, cikin satin nan. A rage mata gishiri."

Nasiba tana kwance tana kallon silin. Ta ji duk abin da aka faɗa game da hantarta, amma abin da ta fi ji shi ne sanyi a ranta, kuma ta san bai kamata ba.

Da suka fito, wata daga kan benci ta ce, "To, Hajiya, mace ko namiji?"

"Ke, rufe mana baki," in ji A'i. "Yarinya ba ta da lahiya."

Ta zauna kusa da matar ɗanta, ta ciro salula, ta fara neman lambobin matan Korgom, don su ji ainihin labarin.