Waƙar da Ta Sa Fada Kuka

A gidanmu, kafin yaro ya iya ɗaura wando ya riga ya san cewa kakanmu Istifanus ya taɓa sa Bature kuka. Kaka shi ne malamin cocin ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, kuma shi ya tsara waƙar da muke binne mamaci da ita har yau. An ce ranar da aka fara rera ta a bakin kabari, Fada ɗan ƙasar Ayalan da ke jagorantar addu'a ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa suna ta girgiza. Ba mu da babbar gona, ba mu da soja a dangi, amma muna da wannan labari. Yayana Yunana kuwa ya riƙe shi kamar takardar filin gado.

Ni da shi otal ɗaya muke aiki a unguwar Port Saeed da ke Dubai. Ni ina ɗaukar faranti, shi yana kula da wuta da lasifika. Babu direba ko mai gadi a otal ɗin da bai sha labarin Kaka ba, har wani ɗan Filifin da ke kicin ya iya busa farkon waƙar da baki.

Wata Juma'a cikin watan Maris na 2006, 'yan Ayalan mazauna Dubai suka kama lambun otal don bikin ranar ƙasarsu. Kowa ya sha koren kaya, har da wani tsoho da ya rina gemunsa kore. Makaɗa huɗu suka zo daga can, shugabarsu wata dattijuwa mai suna Nuala, tana riƙe da gogen Turawa. Da la'asar aka ture kujeru gefe, rawa ta kankama. Irin rawar nan tasu ce, hannu a manne da jiki, ƙafa kuma kamar an zuba musu garwashi a takalmi.

Ina tsakiyar fili da tiren kofuna sai Nuala ta canza kiɗa. Na ji bakina yana bi ba da izinina ba. Na tsaya cak. Waƙar Kaka ce, babu ko tantama, sai dai an kore ta a guje kamar akuyar da ta shiga gonar mutane. Waƙar da muka rera muna kuka a kan Babanmu, ga wani ƙato mai koren gemu yana tsalle a kanta yana ihu.

Na waiga wajen Yaya Yunana. Na san fuskar nan tun muna yara, don haka na fara gudu da tire a hannu, amma ya riga ni. Ya sunkuya ya fizge wayar lasifika. Lasifika suka yi tsit, mutum ɗari biyu suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Khalas!" ya daka tsawa da Larabci, wato ya isa. "Ba a rawa da wannan!"

"Yaya, ka rufa mana asiri," na ce da Hausa. "Visa ɗinmu fa a hannun mutanen nan take."

"Irene, matsa. Waƙar Kaka suka sato, kuma don wulaƙanci suke taka ta da ƙafa."

Manaja ya taho yana haki, amma Nuala ta ɗaga masa sandar gogenta, ya ja birki. Ta sauko ta tambayi Yunana da Turanci me ya faru. Ya faɗa mata duka, har da hankici. Na zaci za ta fusata. Ina! Idanunta suka yi wal, ta lalubo wani tsohon littafi da ƙaramar rikoda daga jakarta. Ashe aikin da ta yi shekara talatin tana yi ke nan, bin tsofaffi ƙauye ƙauye tana tambayar wa ya koya wa wa kowane kiɗa. Ta ce wannan na rawa ne, ta samo shi a bakin wani makiyayin tumaki a yammacin ƙasarsu, shi kuma daga kawunsa, kuma ya haura shekara ɗari.

"To shekara ɗari ke nan kuna sata," in ji Yunana.

Ta tuntsire da dariya ta ce ya rera mata yadda muke yi. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe hannu a ƙirji, ya fara a hankali. Ni ma na ajiye tire na kama masa, don ba zan bar ɗan'uwana shi kaɗai a gaban kore ɗari biyu ba. Nuala tana bin mu da goge, gaɓa ta farko, gaɓa ta biyu, babu inda ta kauce. Na fara shakka, don wanda ya saci abu ba ya saninsa haka. Da muka shiga gaɓa ta uku, inda murya ke hawa sama, sai gogen ya yi shiru.

"Sake wannan," ta ce. Muka sake. "Namu gaɓa biyu ne. Wannan ban taɓa jin sa ba. Wane Fada ne? Wace shekara? Wa ya rage da ya gani da idonsa?"

Mutum ɗaya ya rage, Mama. Nuala ta miƙo wayarta, Yunana ya buga, na manna kunnena kusa da nasa. Ya zayyana mata komai cikin ɓacin rai. Sai muka ji wani irin sauti, na ɗauka kuka take yi. Dariya ce, har da tari.

"Kai, Yunana, Allah ya shirye ka," in ji Mama. "Fada Tiyanan ne. Duk ranar da kekensa ya lalace yana gyara yana busa wannan kiɗa, Baba, wato Kakanku, yana riƙe masa keken. Baba ya ji abin ya yi masa daɗi, ya ce amma saurin ya yi yawa, bai dace da gidan Allah ba. Ya ja shi a hankali, ya sa masa kalmomi, ya ƙara masa wutsiya. Bai gaya wa Fada ba sai a bakin kabari."

"Shi ya sa Fada ya yi kuka, ko Mama?" in ji Yunana.

"Wane kuka? Ina kusa da shi, shekarata tara. Dariya ce ta kama bawan Allah, ya tura hankici a baki don kada ya kunyata masu makoki. Da aka watse ya zagaya bayan coci ya nuna wa Baba yadda ake rawarta. Baba ma ya taka, har takalminsa ya fita."

"Shekara hamsin kina jin ana faɗin ƙarya, ba ki ce komai ba?"

"To kuna jin daɗin abinku, ni ce zan ɓata muku?"

Na fassara wa Nuala, ta riƙe ciki tana dariya, ta juya ta fassara wa taro, lambu ya ɗauka da dariya. Yunana kaɗai bai yi ba. Ya tsaya da waya a kunne kamar wanda aka ƙwace wa tuwo, tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Nuala ta buɗe littafinta ta ce ya rubuta mata sunan Kaka da hannunsa, da sunan ƙauyenmu. Ta ja layi a ƙarƙashi ta ce gaɓa ta uku tasa ce, kuma duk inda ta kaɗa ta daga yau sai ta ambaci Istifanus. Ya daɗe yana kallon sunan.

"Kana ji na?" Muryar Mama ta fito daga waya. "Ka sa su kaɗa mini irin nasu in ji."

Yunana ya sunkuya ya mayar da wayar lasifika. "Yalla," ya ce a hankali, wato mu je. Nuala ta ja goge, gaɓa ta farko, ta biyu, sannan ta afka cikin wutsiyar Kaka a guje, mai ganga ya bi ta, fili ya rikice. Na karɓi wayar Nuala daga hannun Yunana na ɗaga ta sama don Mama ta ji da kyau. Mai koren gemu ya cafke hannun Yayana ya ja shi tsakiya, sai ga Yunana, mutumin da ko a bikin aurensa bai motsa ƙafa ba, yana tsalle da takalmin aiki, makullai suna kaɗawa a ƙugunsa.

Na mayar da wayar kunnena. Mama tana haki, da alama ita ma ta taka a tsakar gida.

"Irene," ta ce, "ki gaya wa yayanki. Ranar da za ku kai ni kabari, da wannan saurin nake so. Na gaji da jan ƙafa."

Na ce to, Mama. Dariya nake yi, amma hawaye na zuba har cikin bakina, ga shi babu hankici a jikina. Na ɗauki tsumman goge tebur na rufe fuska.