Wayar Yaya Nu'umanu Ta Je Jabo

Tun ranar da aka saka wa wayar yayansa manhajar nan Arzika bai yarda da ita ba. Wai masu bincike ne daga jami'a, suna duba inda waya ta je da yawan kiran da aka yi da ita, su gane wanda damuwa ta kama. Wanda wayarsa ta daina motsi, likita zai same shi har gida. Saboda likitan kawai Arzika ya yi shiru, don tun rasuwar matarsa Yaya Nu'umanu ya bar koyarwa a Islamiyya, ya shige ɗaki a ƙauyensu na bayan Kebbe.

Ran Litinin Arzika ya sauke fasinja a Tambuwal, ya jingine babur, ya leƙa wurin Malama Jamilatu, ma'aikaciyar lafiyar da ke kula da aikin.

"Malama, yaushe likita za ya ga Yaya?"

"Ai an cire shi daga jerin masu ganin likita, ya warware." Ta juyo masa da kwamfuta. "Duba. Kullum shina fita. Kebbe, Jabo, jiya har Sanyinna. Ga kira nan rututu."

"Yaya Nu'umanu? Mutumin da ko masallaci sai an ja shi?"

"Abin da waya ta nuna ke nan. Alhamis likita za ya zo, waɗanda sunka fi buƙata za ya bi."

Ya fito yana saƙe-saƙe. Ko ɗan wani babba aka cusa a gurbin yayansa? Ko kuwa Yaya ne ke sulalewa a ɓoye? Ya taɓa jin akwai wani mai magani wajen Jabo da ke raba mutane da awakinsu.

Ya kira lambar Yaya. Aka ɗauka, ƙarar inji, aka kashe. Ya sake kira.

"Wa ke magana?"

Muryar Ɗan'iya ce, ɗan kabu-kabun ƙauyensu. Arzika bai tsaya ba sai tashar babura ta Kebbe. Can ya tarar da shi yana shan rake.

"Fito da ita, ɓarawon waya!"

"Kai Arzika, rana ta buge ka?"

Ɗan'iya ya kwance wata jaka daga kan tankin baburinsa. Wayoyi ne cike, kowace da sunan mai ita manne a baya. Ƙauyen ba wuta, shi ke tattara su da safe ya kai wa mai caji, ya karɓa da hantsi ya yi ta jigilar fasinja da su, sai magariba ya mayar. Arzika ya san da wannan. Abin da bai sani ba shi ne ta Yaya ta shiga jakar, don da can a solar makaranta yake cajinta da kansa.

"To kiran fa?"

Ɗan'iya ya sosa ƙeya. "Katin da masu binciken nan ka sa mai ne. Shi ba ya kiran kowa. In bar shi ya lalace?"

"Yaushe rabonka da ganinai?"

"Ni ban ganinai, bisa katanga shika aje ta. Tun shekaranjiya ma tana hannuna. Na yi ta sallama, shiru."

 Arzika ya kira Malama Jamilatu ya zayyana mata.

"Duk wanda anka cire ɗan'uwansa akwai labarin da shika zo min da shi," in ji ta. "Sai na gani da idona."

Ya damƙi wuyan rigar Ɗan'iya. "Tambuwal za ka, da jakar duka. Ka buɗe mata."

"Wa za ya sa min mai?"

"Wanda ya sa maka kati."

Arzika kuma ya kama hanyar ƙauye, bai ko kauce wa ramuka ba. A ƙofar ɗakin ya ga kwanon tuwo a rufe, ƙudaje na bin murfin. Ya buga.

"Yaya! Ni ne, Arzika."

Sai da ya kira sau da yawa kafin ya ji motsin tabarma.

"Ka tafi aikinka," in ji muryar, can ƙasa.

Arzika ya zauna a dokin ƙofa. Yana nan har la'asar, wayarsa ta yi ƙara.

"Na ga jakar," in ji Malama Jamilatu. "Akwai wayoyin wasu mutanenmu ciki ma. Alhamis da yayanka za a fara. Kada ka bar shi shi kaɗai."

Ya tura babur ɗinsa cikin zaure, ya zare makulli, ya koma ya sake buga ƙofar.